Ƙahon da Aka Yi wa Mas'ud

Da ƙyar da jiɓin goshi aka ƙwato Mas'ud mahauci daga hannun korona. Ciwon ya cika masa huhu har sai da aka ɗaura masa robar iska. Ranar sallama likita ta zaunar da matarsa Ramla, ta nuna mata magani iri biyu. Ɗaya na kwantar da kumburin huhu, shi ne ya hura masa fuska, kuma za ta saɓe da kanta. Ɗayan na tsinka jini, don kada ya daskare ya toshe jijiya.

"Muddin yana shan wannan, ko aski a yi masa a hankali," in ji likita. "In ya yanke, jinin ba zai tsaya da wuri ba."

Suna komawa gida Talata Mafara sai ga yayansa Sallau daga Damaga, ya zo dubiya. Shi ya riƙe Mas'ud tun mutuwar ubansu, saboda haka Ramla ko sunansa ba ta faɗa, Yaya take ce masa. Mutum ne da bai taɓa jin magana ya bar ta ta kai ƙarshe ba. Ya dubi fuskar ƙanensa ya kaɗa kai.

"Wanga kumburi mataccen jini na. Ƙaho za a yi mai."

Ramla ta durƙusa ta faɗa masa duk abin da likita ta ce.

"To, ba ga shi ba! Ita da kanta tac ce jini na daskarewa. A hid da shi mana. Tun ba a haihe ki ba muke ƙaho gidanmu."

Ta roƙe shi da Allah da Annabi, ya ce ya ji. Ashe jin kunne ne.

Washegari da hantsi ta kai niƙa. Tana dawowa ta tarar da wanzami a zaure, Mas'ud zaune ba riga, bayansa duk tsaga. Mutumin da ke kayar da bijimi, ga shi gaban yayansa ya kasa cewa a'a. An cire ƙahonin, amma jini bai san an gama ba. Yana bin bayansa, ya jiƙa wando, ya kwanta a tabarma. Wanzami na danna auduga, yana rantsuwa ba wanda ya gaya masa zancen magani.

Ran Ramla ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa ji ba. Ta jefar da ƙwaryar gari, ta cire mayafinta ta danne masa baya, tana ƙwala wa maƙwabta kira su tsayar da mota. Sallau kuwa yana gefe yana cewa a bar shi, mugun ne ke fita.

A asibiti aka samu jinin ya tsaya, amma Mas'ud ya yi fari fat, ko ido ba ya iya ɗagawa. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce sai an yi masa ƙarin jini yanzu, wa zai bayar cikin dangi?

Sallau ya ja da baya. "Ni ba a taɓa jinina. Rage ƙarhi shikai, ga noma gabana."

Ramla ta miƙe, mayafin da ya rine ja yana hannunta.

"Sallau!"

Duk waɗanda ke barandar suka juyo. Shi kansa sai da ya waiga, ko da wani ake.

"Da kai nike. Na ɗan'uwanka kaz zubar ga tabarma, ba ka ce shi na rage ƙarhi ba. Cutar da tac cinye mutane ta bar min shi, kai ba ka bar min shi ba. Tahi ka maida abin da kaz zubar."

Ta dangwara masa mayafin a ƙirji. Ya cafe bai shirya ba, jinin ya ɓata masa farar riga. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya bi ma'aikaciyar, yana naɗe hannun rigar.