Takalmin Anti Tela

Mai kati ya ja tagarsa yana sakace, ya ce likita ya cika talatin, saura su dawo Laraba mai zuwa. Anti Tela ce ta talatin da uku. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce masa sati na biyu ke nan, kuma kanta kamar ana saransa da gatari. Daga bayan katako ya amsa cewa duk wadda ke wurin nan da ciwonta ta zo.

Ina tsaye a bakin barandar asibitin riƙe da jakarta. Wurin warin fitsari yake, da na ruwan goge ƙasa da ba a canzawa. Kwatar gefen benci ta toshe tun bara. Ƙudaje na tashi daga ciki suna sauka a fuskokin matan, su kuwa sun gaji da kora.

Anti Tela maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta ɗinka min wandon makaranta na ƙarshe, ta ce in na faɗi jarrabawa in dawo mata da kayanta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Ni kuma tun da na gama sakandare nake tsaron shagon fotokwafi a ƙofar babban asibitin.

Sau biyu tana ɓari. Wannan cikin ya kai wata takwas, shi ya sa ko keken ɗinki ta daina takawa. Ungozomar ƙaramin asibitin unguwa ta auna ta, ta ga jininta ya hau, ta rubuta mata takarda zuwa wurin likitan masu ciki mai haɗari. Ranar Laraba kaɗai yake zama.

Ɗakin kati kwafi suke karɓa, don haka ta kawo min takardar. A kusurwar sama akwai wani jan ɗigo kamar kan yatsa. Na ɗauka biron ungozomar ne ya yi yoyo. Na san injinmu baƙi ƙirin zai fito da shi, ni kuwa ina so aikin maƙwabciya ya yi kyau. Na yanki 'yar farar takarda na rufe wurin. Kwafin ya fito tas.

Ta ɗaga shi ta duba, ta ce, "Ashe dai karatun bai tafi a banza ba."

Ta asalin ta naɗe ta a leda, ta ajiye a durowar keken ɗinki.

A barandar nan takalma ke bin layi. Kowace mace ta ajiye ƙafa ɗaya a jikin bango ta koma benci, mai kati ya zo ya ƙirga da tsinin takalminsa. Daga wata unguwar sai an hau mota biyu, kafin mace ta iso layin ya wuce kwatar. Ran Talatar da ta biyo baya da yamma Anti Tela ta miƙo min silifas ɗinta ta saman katanga, shuɗi mai fure. Ƙafafunta sun kumbura har yatsun sun shige ciki.

"Ungo, ƙanena. Tun da ya ƙi shiga ƙafata, ya je ya yi min aiki."

Gari na wayewa na ajiye shi. Shi ne na bakwai a layi. Na yi murna har na raina kaina daga baya.

Ta iso ƙarfe takwas, Inna mahaifiyata na riƙe da ita. Likita bai shigo ba sai sha ɗaya saura. Kafin nan fuskarta ta yi suntum, ta ce tana ganin wasu ƙananan fitilu suna yawo a gabanta. Na je teburin nas. Tana ɓare gyaɗa, waya maƙale a kafaɗa. Ta tambaye ni ko ni ne mijin. Na ce a'a. Ta ce to in fita, nan wurin mata ne, kowa za a kira shi.

Na fita. Wani yana jirana da takardun neman aiki, kwafi goma-goma.

Ina kan na shida na ji salati daga baranda. Da na isa Anti Tela na ƙasa tana jijjiga, kanta na bugun siminti, bakinta jini da kumfa. Inna na ƙoƙarin sa mata gefen zani ƙarƙashin kai. Wani mai jinya ya ɗaga waya yana ɗauka. Wata kuma ta lallaɓa ta matsar da takalminta gaba. Sai a lokacin aka samu gadon turawa, aka samu nas uku, aka samu likita da gudu.

Aka yi mata aiki. Aka ciro yarinya, ƙarama kamar kwalbar lemo, aka sa ta a kwalbar jarirai. Ita ba ta farka ba.

Da azahar Inna ta koma gida ta kwaso mata kaya, ta haɗo da ledar durowa, wai ko za a nema. Babbar nas ta warware takardar a kan teburi. Ta tsaya.

"Wannan ai jan ɗigo gare ta. Mai jan ɗigo ba ta bin layi, ran da ta zo ake ganinta, ko ba Laraba ba. Wa ya zaunar da ita?"

Aka kira mai kati. Ya zo da kwafin, ya shimfiɗa shi kusa da ta asalin. Kusurwar fara fat. A ƙasa kaɗan ga awon jininta da ungozoma ta rubuta, ya fito raɗau a duka biyun, an ja masa layi biyu. Laraba uku yana cikin fayil ba wanda ya karanta. Na duba bangon. Akwai sanarwar hana tofar da yawu, akwai ta hana talla. Babu ta jan ɗigo.

Na ce, "Ni na rufe shi. Na ɗauka datti ne."

Na zaci za a mare ni. Ina ma an yi. Fuskar mai kati ce ta washe, kamar an ce masa an haifa masa ɗa. Ya juya ga babbar nas ya ce, "To kin ji, ranki ya daɗe." Ita ta yi tsaki ta rufe fayil. Nas mai gyaɗa ta ce dama mutanen waje su ke ɓata musu aiki. Shi ke nan, kowa ya koma teburinsa.

Washegari bayan la'asar Anti Tela ta cika.

Mijin ya iso an riga an kai ta. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce an faɗa masa irin ɗawainiyar da na yi, Allah ya biya ni. Na buɗe baki, Inna ta taka min ƙafa.

Yarinyar tana nan. Inna ke zuwa dubo ta, ta ce yatsunta dogaye ne irin na uwar.

Laraba ta zagayo. Na buɗe shago, na kunna inji, sannan na shiga baranda. Takalman sun jeru a jikin bango har bayan kwatar. Na Anti Tela yana nan, mai shara ya ture shi gaba, furen ya yi ƙura. Matan da suka zo da sassafe ba su san mai shi ba. Suka bar masa wurinsa, suka jera nasu a bayansa.