Auta da Injin Yanka

Tun da safe Auta ya ɓoye jakar kayansa a bayan tulin kwalaye. Ya kusa shekara hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma a maɗaba'ar mahaifinsa har masu kawo tawada Auta suke ce masa. Abokinsa Dogo ya buɗe tasa maɗaba'ar a wani gari, yana neman wanda zai riƙe masa ita gaba ɗaya. Ya ce da la'asar zai tayar da mota, ko da Auta ko babu shi. Abu ɗaya ya rage: Auta ya buɗe baki ya gaya wa Baba.

Shagon ba taga. Warin tawada da gam ya kama bango, fanka na juya zafi kawai. A tsakiya injin yanka takarda yake, mai wuƙa kamar tsawon hannun mutum. Tsarin aikin bai taɓa canjawa ba: Baba ke saita ma'auni, Auta ya jera takardu ya janye yatsunsa, Baba ya ja ƙarfen wuƙar ta sauka. Auta bai taɓa jan ƙarfen nan ba.

'Yarsa, ɗalibar jinya, tana zaune kan kwali tana jiran littattafan ajinsu da aka buga, saura a yanke gefensu.

"Amaryata," in ji Baba yana tsokanar jikarsa, "me ke cikin littafin nan da kika hana mu sakat?"

"Matakan rayuwa ne, Kaka. Wai kowane shekaru da tambayarsu. Jariri yana son ya san ko zai yarda da duniya. Saurayi yana neman sanin ko shi wane ne. Masu shekarun Abba kuma, me za su gina su bar wa na baya."

"Tsoho fa?"

"Ya waiwaya ya ga ko ya gamsu."

"Ƙarya suke. Tambayar tsoho ɗaya ce: wa ya ɗauke min tabarau?"

Ta yi dariya. Auta bai ɗago kai daga takardun ba ya ce, "Wanda bai amsa tasa ba fa?"

"Tana binsa, Abba. Duk inda ya shiga."

Waya ta yi rawa a aljihunsa. Dogo ne, ya sani. Ya goge tafin hannunsa a wando.

"Baba, akwai maganar da nake son mu yi."

"Jera tukuna. Magana ba ta gudu."

Ya jera. Baba ya sunkuya ya murɗa ma'auni, yana shafa shi da ɗan yatsa. Nan take Auta ya ga ma'aunin ya wuce layi, ya shiga cikin rubutu da faɗin yatsa guda. Bakinsa ya buɗe. Amma a gaban injin nan ba a gyara wa Baba, tun yana yaro ya san haka, jikinsa ma ya riga kansa sani. Sai kawai ya janye hannunsa.

Wuƙar ta sauka, ƙaf.

Yarinyar ta ɗauki littafi ɗaya ta buɗe. Layin ƙarshe na kowane shafi ya tafi. Baba ya karɓa ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya laluba kujera ya zauna.

"Ka gani kafin in ja?"

"Na gani."

"Ka yi shiru."

"Ba ka taɓa tambayata ba, Baba."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Tsohon ya ajiye littafin a cinyarsa.

"Tun bara ba na ganin layin nan," ya ce a hankali. "Da yatsa nake nemansa." Ya nuna ƙarfen da haɓa. "Zo ka kama. Daga yau kai ne. Ni na gama."

Auta ya tsaya kamar an dasa shi. Yana saurayi ya sha mafarkin jin maganar nan. Wayar ta sake rawa.

'Yarsa ta matso, ta rage murya. Ta ga jakar tun shigowarta. "Abba, ka faɗa masa. Yanzu."

Ya dubi ƙofa. Hasken titi na shigowa ta ƙarƙashin labule, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ya dubi Baba, wanda ya ƙanƙance a kujera, littafin da ya lalace a cinyarsa. In ya fita, gobe tsohon zai sake laluben ma'auni da yatsa a ƙarƙashin wuƙa, shi kaɗai.

Ya ciro wayar.

"Dogo, ka wuce."

"Haba Auta. To sai yaushe?"

Auta ya kashe wayar. Ya ɗauko sabon tulin takarda, ya saita ma'auni da kansa, daidai kan layi. Ya ɗora hannu a kan ƙarfen. Ya fi yadda ya zata nauyi.

"Tsaya," in ji Baba daga kujera. "Ba haka ake riƙewa ba. Matso da ƙafarka, in na ce ja, sai ka ja."