Takin da Ya Hau Sama

Jiya da dare na yi wani mafarki wanda har yanzu ban huce daga takaicinsa ba, kuma zan faɗe shi bisa tsari domin a san inda aka zalunce ni.

Na ga teku ta taso ta yada zango a bakin gonata, tare da fararen tsuntsayenta masu dogayen fukafukai. Ban yi mamaki ba, domin a can kowa ya san kakanmu Jatau Mai Garma ne ya fara saukar da tsuntsayen teku a gona, a shekarar da ruwan sama ya soma tashi daga ƙasa. Shi ya kafa ƙa'ida: yadda manomi ke saukar da makiyaya bayan girbi su bar masa taki, haka babban gida zai ciyar da tsuntsaye, kashinsu kuwa nasa ne. Babban gida a yau ni ne, Barau.

Na ba su kifi har suka ƙoshi, na shimfiɗa buzu na zauna jira. Ko ɗigo.

Na ce wa babbarsu, "Baiwar Allah, ina haƙƙin mai masauki?"

Ta ce, "Malam, mu ba ma yi a zaune. Sai a cikin tashi."

Suka tashi, suka yi. Amma a wannan ƙasa komai sama yake faɗuwa. Ina kallo takina ya haura fari fat, ya zube a gonar ƙanena Tanimu, wadda ke kife bisa tawa a jikin gajimare. Dawarsa ta reto, kowace zangarniya kamar cinyar bijimi. Tawa kuwa kaza ma sai ta sunkuya kafin ta gan ta.

Ya leƙo ta tsakanin karare ya ce, "Yaya, sannu da ɗawainiya! A ƙara musu kifi, gefen gabas bai samu ba."

Mutumin da ni na koya masa riƙon fartanya!

Sai ga ni a ofis. Bunsuru ne alƙali, sanye da tabarau, yana taunar labule.

Na ce, "Allah ya gafarta malam," domin ba na raina kujera ko wane ne a kanta. "Ƙa'idar Jatau na zo a tabbatar mini."

Ya ce, "Taki na wanda ke sama ne. Ka roƙi ƙanenka ya matsa maka, ka rataye gonarka kusa da tasa."

"In roƙi Tanimu? A gidanmu babban wa bai taɓa roƙon ƙane ba."

"To ka tsaya da ka, sama ta koma ƙasa. Jatau ma haka ya yi."

Tun da an ambaci magabaci, ban yi musu ba. Na kafa kaina a tsakiyar kunyar gonata, mutanen gari suna zaune a kan raƙuman ruwa suna cin gyaɗa suna kallo. Lalle sama ta koma ƙasa. Tsuntsaye suka tashi, taki ya zubo ƙasa yadda ya kamata, a gonar Tanimu, domin yanzu ita ce a ƙasa.

Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ko in aiko maka da mangala ɗaya?"

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai kukan jaki ya fito.

Na farka. Jakin Tanimu ne a ƙofar gida, ɗauke da takin awakin da yakan kawo mini kowace bazara, shi kuma yana ta sallama.

Ga abin da aka tashi da shi: kifi ya tafi, wuyana ya sage, ban roƙi kowa ba. Takin na karɓa, domin haƙƙina ne. Gaisuwarsa ce ban amsa ba, kuma ba zan amsa ba sai ya gane laifinsa da kansa.