Kason Saje Darsono

"Yau ma sun dawo da ku?" Lastri ta ajiye cokalin suya, ta fito bakin ƙofa.

Maƙwabciyarta Warsini tana fama ta sauko da mijinta daga keken haya. Mijin, Darsono, tsohon saje ne, a ƙarƙashin motocin soja ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, ko silifas ba ya shiga.

"Injin wankin ƙodar asibitin sojan bai tashi ba tukuna," ya ce yana haki. "Sai sati mai zuwa."

"Sati mai zuwa, sati mai zuwa!" in ji Warsini. "Wane satin ne bai zo ba?"

Ranar Asabar ɗansu Yudo ya iso daga Jakarta da kakinsa na kyaftin. A ofishin kasafin kuɗin soja yake aiki. Lastri ta kawo wa mara lafiya kunun shinkafa, ta tarar uwar ta tsare ɗan a zaure.

"Na gani a talabijin, kun sayo sababbin jiragen yaƙi. Kuɗin tayar jirgi ɗaya ba zai gyara injin ba?"

"Mama, ba haka abin yake ba. Kason makamai daban, na albashi daban, na asibiti daban. Ba a ɗiba a nan a zuba can."

"To, ubanka a wane kason yake?"

Yudo ya sunkuyar da kai. Daga ɗaki muryar tsohon ta fito, da ƙyar: "Ki ƙyale yaron, Warsini. Ƙasa na buƙatar jirage."

Yudo ya samo gado a wani asibitin kuɗi a Surabaya, aka sa tafiya ranar Laraba. Talata da la'asar Lastri ta ji kururuwar Warsini ta bayan katanga. Man suya ya ƙone a kasko, ba ta ko waiwaye shi ba.

Washegari mota ta sauke sojoji, takalma na sheƙi. Suka lulluɓe makarar da tuta, a maƙabarta suka harba bindigogi sama.

"Ashe wannan kason da kuɗi a ciki," Warsini ta raɗa wa Lastri. Idonta a bushe yake.

Da aka watse, wani kofur ya ninke tutar a hankali, ya mayar mota, don akwai wata jana'izar da azahar. Warsini ta durƙusa gefen kabarin, tana daidaita jar ƙasar da tafin hannunta.