Rufin Ɗakin Yaya Kande

Jiya da rana tsaka, ina zaune a kan bencin jira, barci ya sace ni, na yi wani mafarki da har yanzu ɗacinsa bai bar bakina ba.

Bari in fara da abin da ya kai ni bencin. Sunana Barau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinkin tampol a bakin tasha, har ranar da katafila ta bi ta kan rumfata, keken ɗinkina na ciki. Makon jiya kuma iska ta yaye rabin kwanon ɗakin Yaya Kande, wadda ta goya ni bayan rasuwar innarmu, yanzu ƙafafu sun ƙi ta. Wani direba da na sha yi wa faci ya ba ni tsohon tampol ɗin tirelarsa, mai kauri kamar fatar bijimi, wuri uku kawai ya yage. In da keke mai ƙarfi, aikin awa ɗaya ne. Aka ce mini an buɗe wani gidan ƙere-ƙere a sabuwar unguwa, an jera injuna don kowa ya zo ya yi aikinsa. Na naɗe tampol na ɗauka a ka. Matar da ke teburin ƙofa ta ce in jira mai makullin ɗakin kekuna. Na zauna, na jingina da naɗin tampol.

Sai na ji an kira sunana daga ciki. Na miƙe zan shiga, ƙofar ta ce mini: "Da baya ake shiga nan, Baba, don kada a ce wani ya zo neman wani abu."

Na juya na shiga da baya.

Zaure ne mai faɗi, ba a ganin ƙarshensa. Kekunan ɗinki suna kiwo a tsakiya, suna tsintar zare a ƙasa kamar awaki. A cikinsu na hango nawa, kansa a lotse, yana ɗingishi. Na yi masa irin fiton da nake yi in zan fara aiki. Ya ɗago ya dube ni, ya kau da kai, ya ci gaba da cin zarensa.

Shugaban gidan hankaka ne. Yana tsaye a kan tebur, sanye da tabarau, farin ƙirjinsa a goge kamar yanzu aka karɓo daga mai guga. A gefensa ƙadangaru goma sha biyu sun yi layi a kan benci, su ne kwamiti. Tun kafin a ce komai suna ta gyaɗa kai.

"Baba, me ka kawo mana?" in ji hankaka.

"Tampol ne, ranka ya daɗe. Keke nake so a ara mini na awa ɗaya."

"Ka yi me da shi?"

"In ɗinke shi in rufe ɗakin yayata."

Ƙadangarun suka tsaya cak, kawunansu a sama.

"Ka rufe ɗaki da tampol," hankaka ya maimaita, kamar mai ɗanɗana miyar da ta kwana. "To ina basirar a nan? Ai ko jariri ya san tampol yana rufe ɗaki. A gidan nan ba ma amfani da abu a inda yake da amfani."

Ƙadangaru suka ci gaba da gyaɗa kai.

Ban ga wanda ya karɓi tampol ɗin daga kaina ba. Na dai gan shi a shimfiɗe, wani almakashi yana tafiya a kansa da ƙafafunsa biyu. Yankan farko, aka yi jakar zuba iska. Aka buɗe ta a bakin taga, aka rufe, aka ɗaga ta sama kowa ya gani. Yanka na biyu, aka yi wa kifaye takalma, don a cewar hankaka an daɗe ana mantawa da su. Na uku, aka ɗinka wa rijiya riga mai dogon hannu.

Ni dai ina auna saura da ido, yadda na saba. Na ce a raina, har yanzu zai rufe daga ƙofa zuwa gado.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a bar mini hakan ma ya isa."

"Naka ne ai, Baba. Wa ya ce ba naka ba ne? Sunanka za mu sa a jikin kowanne."

Sai na tsinci kaina a gindin bango. A sama da ni an rataye Shekarau mai faci, maƙwabcina na bakin tasha, wanda aka rushe rumfarsa rana ɗaya da tawa. Ƙusa aka soka a wuyan rigarsa. A ƙarƙashin ƙafafunsa an manna takarda: Mai faci, irin na da.

"Barau," ya ce, "kai ma sun kawo ka?"

"Da ƙafata na zo."

"Ni ma haka."

"Ana ba ka abinci?"

"Ana ɗaukata hoto." Ya ɗan gyara ratayarsa. "In sun zo kanka, ka roƙi kusa da taga. Ƙusar can ba ta yi tsatsa ba."

Kafin in ba shi amsa, aka buga ƙararrawa, aka ce baƙi sun iso. Suka shigo da baya su ma, cikin fararen kaya, suna ƙamshin turare. Ba su da fuska. A inda fuska ya kamata ta kasance, waya ce mai haske.

Aka turo ɗakin Yaya Kande a kan amalanke, ɗungurungum, da bangonsa da labulensa da randarsa, ba rufi. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a miƙe. A saman kanta akwai hadari ɗan ƙarami, bai fi tabarma ba, baƙi ƙirin, yana zubar da ruwa a kanta ita kaɗai. Ko'ina a zauren a bushe yake. Ta tara kwanon sha a cinyarta, in ya cika ta zubar, ta sake tarawa.

Hankaka ya nuna ta da fiffike. "Wannan ita ce matsalar." Ya juya ya nuna jakar iska da takalman kifi da rigar rijiya. "Waɗannan kuma su ne mafita."

Baƙi suka tafa. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya ce ruwan ba ya fita sosai a hoto, ko za a iya ƙara shi? Hankaka ya tashi sama, ya murɗa wani famfo a gefen hadarin. Ruwa ya ƙaru. Kallabin Yaya ya manne a kanta.

Na buɗe baki zan yi ihu. Na tattaro duk zagin da na koya a tasha cikin shekara talatin da ɗaya, na cika ƙirjina da shi. Abin da ya fito shi ne: "Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Na sake gwadawa. "Allah ya ƙara girma."

Ƙadangaru suka gyaɗa kai.

Na bar baki na koma hannu. Na laluba aljihu na sami basillata da zare. Na fizge jakar iska na farke ta, na tuɓe wa rijiya rigarta, na bi kifaye ina cire musu takalma suna zagina. Na durƙusa a ƙasa na haɗa gutsattsarin, na fara ɗinki irin wanda ban taɓa yi da sauri haka ba. Amma duk inda na soka basilla, maimakon bakin ya haɗu, sai rami ya buɗe. Na ƙara sauri, ramuka suka ƙaru. Da na ɗaga abin da na ɗinka, ina ganin Yaya ta cikinsa.

"Kun gani!" in ji hankaka. "Awa ɗaya bai yi da mu ba, ga shi ya ƙirƙiro raga."

Tafi ya tashi kamar ana sussukar gero. Aka karɓe ragar daga hannuna aka rataye kusa da Shekarau. Aka ce in tsaya a tsakiya. Almakashi ya zo da guntun da ya rage a tampol ɗin, bai fi tafin hannu ba. A jikinsa aka rubuta mini takardar shaida, cewa Barau ya halarta. Hankaka ya miƙo mini da baki, bai saki ba sai da wayoyin suka gama walƙiya.

Daga nan kowa ya tafi cin abinci. Har kekunan aka kora waje. Zauren ya rage daga ni sai Yaya sai hadarinta.

Na hau amalanken, na shiga ɗakin. Ruwan sanyi gare shi kamar na randa. Na ɗaga guntun tampol ɗin a saman kanta, na riƙe. Ya tare mata goshi kawai, sauran yana bin kafaɗunta.

"Barau," ta ce, ba ta ɗago ba, "hannunka zai gaji."

"Ba zai gaji ba, Yaya."

"An ba ka keken?"

"An ba ni takarda."

Ta zubar da kwanon, ta sake tarawa. Sai ta cusa hannu ƙarƙashin filo ta zaro kwalin ashana, ta ɗora a gwiwarta.

"Sauke nan," ta ce. "Ni na riga na jiƙe. Rufe mini ashanar, in an ɗauke ruwan in ɗora maka ko ɗan wake ne. Na san tun safe ba ka sa komai a cikinka ba."

Na sauke hannuna na rufe ashanar. Guntun ya rufe ta daidai, kamar don ita aka yanka shi. Muka zauna mu biyu a cikin ruwan muna gadin ashana. Ina so in ce mata wani abu, amma ina tsoron in buɗe baki godiya ta sake fitowa.

Ƙarar ƙofar ƙarfe ce ta tashe ni, ana jan ta a kan siminti, ƙiiii. Mai gadi ne tsaye a kaina da kwaɗon kulle ƙofa a hannu. Teburin ƙofa ba kowa.

"Baba, tashi za mu rufe. Mai makullin ya bugo waya, ya wuce taro. Sai Litinin."

Na shafa bayana. Tampol yana nan a naɗe, da yagewarsa uku. Na leƙa waje, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar ledoji a titi.

"Ɗora mini shi a ka," na ce wa mai gadin.