Awa Biyun da Layin Hafiza Ya Makara

Rijiyar tana bakin wani ƙauye gabas da Cadakori, kuma tun watan Maris ruwanta ya fara ƙafewa da rana. Masu proje, wato aikin raya karkara, suka zura mata wata 'yar na'ura mai auna tsayin ruwa kowane minti goma, suka ba Hafiza aikin karanta ta. Hafiza 'yar ƙauyen ce, ta yi karatun lissafi a Maradi, ranar Talata take zuwa a moto ta kwashe lambobi cikin ordinatarta, wato kwamfuta, ta koma buro, ofishinsu.

Da ta zana lambobin sai layin ya fito kamar haƙoran zarto, domin kowane guga da ya faɗa sai ya girgiza ruwa. Ba mai iya karanta wannan. Sai ta rubuta wa na'urar umarni cewa kowane ɗigo ya zama matsakaicin awa huɗun da suka gabace shi. Layi ya kwanta sumul, ya yi kyau har ta ji daɗi. Kullum yana tafe a miƙe, sai ya gangara rami daidai sha biyun rana.

Sha biyun rana kuwa lokacin Jaye ne, wani dattijon makiyayi da ke shayar da shanunsa ashirin da 'yan kai a rijiyar tun kafin a haifi Hafiza.

Shugaban kwamitin rijiya kawunta ne, Dalhatu, mai buga bulo a bayan gari. Ya karɓi takardar layin da Hafiza ta kawo, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, aka nuna masa inda ramin yake, ya ce ai dama sun sani, yanzu dai boko ma ya shaida. Kwamiti ya ba Jaye kwana bakwai ya nemi wata mashayar. Rijiya mafi kusa da za ta karɓe shi tana can wajen Sae Sabuwa, kuma shanun sun rame.

Talatar da ta biyo Jaye ya tare Hafiza a bakin rijiya, igiyar gugansa a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya warware igiyar ya nuna mata ƙulli biyu. Na farko, in ji shi, nan hannunsa yake tsayawa in ya ɗebi ruwan alwala da sassafe. Na biyu ya fi shi da gaba guda.

"Ɗiyata, in na iso da rana, tun a guga na hwari igiya take kaiwa ƙullin ga na biyu. Ruwan sun riga ni tahiya."

Hafiza ta ce na'ura ba ta ƙarya, Baffa. Ya ce shi ma bai ce ta yi ba, igiyar ce dai ita ma ba ta yi.

Maganar ta bi ta har buro. Ta buɗe lambobin na asali, masu haƙoran zarto, ta ɗora layinta mai sumul a kansu. Ramukan biyu ba su haɗu ba. Nata ya zauna can dama, na asalin yana hagu da shi. Dalilin bai da wuya, ɗan aji ɗaya ma ya san shi: wanda ya tara awa huɗun baya ya raba, labarin da yake bayarwa na tsakiyarsu ne, wato ya makara da awa biyu. Ta manta ta mayar da layin wurinsa. Ta ƙara umarni guda, ta ja shi hagu ɗigo goma sha biyu, ramuka suka hau kan juna. Ƙarfe goma na safe.

Kunya ta kama ta, sannan tsoro. Duk ƙauyen an san abin da ke bakin rijiya da ƙarfe goma: amalanken jakai uku na Kawu Dalhatu, kowane da duro biyu, suna kai wa bulo ruwa.

Ta kwana biyu tana jinkiri, rana ta uku ta buga sabuwar takarda ta kai wa kwamiti a gindin bishiyar bedi. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce kuskuren nata ne. Dalhatu ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya dube su da kyau. Mutum ne mai wayo, kuma bai ɗaga murya ba.

"Wato layin ga, Hafiza, turawa akai da yatsa? Jiya yana nan, yau kin kai shi can. To gobe wa ya san inda za ki kai shi?"

Ta ce ba haka ba ne, Kawu. Ya ce shaidar da ke tashi daga wuri zuwa wuri ba a yanke hukunci da ita, a bar magana yadda aka yanke. Ba wanda ya tuna masa cewa da shaidar aka yanke ta. Rabin mazauna wurin suna da ɗa ko ƙane a wurin bulo, sauran kuma suka kama kallon ƙasa.

Ranar Asabar Jaye ya kora shanunsa ya yi gabas. An ce saniya biyu sun kwanta a hanya ba su tashi ba.

Hafiza ba ta daina zuwa ranar Talata ba, aikinta ne. Takan kwashe lambobi, ta zana layi, ta ja shi hagu awa biyu, ta manna takardar a jikin bedin da ƙusa. Sati uku ke nan ba saniya ko ɗaya da ta sha a rijiyar, ramin kuma yana nan kullum da ƙarfe goma, zurfinsa bai ragu ba. Mutane sukan wuce ta gefen bishiyar ba su tsaya ba.