Bugu Uku a Bangon Lado

Mudassir ya shigo zauren Lado rungume da akwatin amfilifaya mai ƙara sautin jita, yana nishi. Ya dire shi kusa da buhunan gero, ya koma ya ɗauko jitar a naɗe cikin tsohon zanen gado.

"Baba Lado, don Allah a aje mana kayan nan. Mutane na ta zuwa dubiya, har da malamai. Bai kamata su tarad da jita a kan Baba ba."

"Shi ya ce a fidda?"

"Ina ya ga bakin cewa? Tun da ya faɗi, magana ta ƙi fita."

 In akwai wanda ya kamata ya yi murna da fidda kayan nan a duk Ƙofar Marusa, to Lado ne. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da shagon Malam Yazid, mahaifin Mudassir. Tun wancan mulkin farar hular Yazid ya dawo daga kwas a Kaduna da wannan jitar mai aiki da lantarki. Ga shi sojoji sun sake komawa bariki, hotunan 'yan takara ba su gama kwarewa daga garun unguwa ba, amma shi yana nan da abarsa. Bai taɓa kiɗa a gidan biki ba. Tsohon ma'aikacin ofishin ruwa ne, mai tafiya a hankali. In an yi La'asar kuma akwai wuta, sai ya rufe shago ya yi ta kaɗa wa kansa, da an kira Magariba ya kashe.

Lado kuwa ɗan hatsi ne a Babbar Kasuwa, yana dawowa gida kansa cike da hayaniya. In ƙarar ta ishe shi sai ya dunƙule hannu ya bugi bango sau uku, nan take Yazid ya rage. Washegari a bakin masallaci su yi ta tsiya.

"Lado, kunnenka ba ya jin komi sai ƙarar mudu."

"Naka kuma na 'yan bori ne. Tsoho da kai!"

Haka suka tsufa. Yanzu ɓarin jikin Yazid na hagu ya shanye, an shimfiɗa masa katifa a shagon, jikin wannan bangon.

Da Lado ya shiga duba shi, ya tarar da shi ya rame, bakinsa ya karkace. Ya yi masa sannu, ya yi addu'a, amma idon Yazid na kan lungun da akwatin yake zama, inda ledar ƙasa ta yi shati. Babban yatsansa na dama yana ta motsi a kan bargo, sama da ƙasa. Furera, matarsa, ta yi magana daga bayan labule.

"Malam Lado, tun da aka fidda kayan nan ya rufe baki. Ko kunu ya ƙi."

A waje Lado ya tare Mudassir ya ce a mayar da kayan.

"Baba Lado, so kake ya cika da kiɗa a kansa? Mi mutane za su ce?"

Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake ji wa ubansa, kuma Lado ya san haka. Sai dai shi ma tsoro ya kama shi, kada mutumin nan ya tafi da baƙin cikin an raba shi da abin da yake so, kuma a zaurensa shi Lado aka ɓoye.

Ran nan bayan La'asar aka kawo wuta. Lado ya ja akwatin har cikin ɗakinsa, ya jingina shi da bangon. Matarsa Hajjo ta leƙo.

"Malam, mi nike gani haka?"

"Ki ja mani ƙofa."

Ya soka wayar jitar a ramin da ya ga ta shiga, ya jona wuta, ya danna maɓalli. Ya ja tsirkiya, bai ji komai ba. Ina Lado zai san cewa tsohon amfilifaya irin wannan wasu ƙwayaye ne na gilashi a cikinsa, sai sun yi zafi yake magana? Shi dai ya ɗauka ƙarar ce ta yi kaɗan, ya bi duk abin murɗawar da ke jiki ya murɗe su har ƙarshe. Ya zauna daf da akwatin, jita a cinya, yana harararsa.

Sai ga wani gurnani ya taso a hankali. Kafin ya ankara abu ya tsage da wata irin ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa. Kaji suka watse a tsakar gida, Hajjo ta saki kwano tana salati. Lado ya rasa inda zai kama, yana ta laluben maɓallai, gumi na karyo masa.

A cikin wannan rikicin ya ji an bugi bango. Bugun ba ƙarfi, kamar na mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Sau uku.

Lado ya samu ya rage. Ya zauna yana kallon bangon, hawaye na zubo masa, bai ko damu ya share ba. Sannan ya shiga jan tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ba kiɗa ba waƙa, har aka kira Magariba ya kashe.

A hanyar masallaci Mudassir ya tsaya masa fuska a ɗaure. Lado ya shirya jin faɗa. 

"Baba ya sha kunu," in ji yaron, ya wuce.

Daga ranar Lado ya riƙa rufe rumfa da wuri. In akwai wuta sai ya kunna, ya jira ƙwayayen su yi ja, don yanzu ya gane. Da gangan yake ƙara murɗawa har sai an buga masa, sannan ya rage. In babu wuta, shi yake buga bangon, ya jira amsa. Unguwa ta yi ta magana a kan Lado da jita, ya toshe kunne.

Wata Alhamis ya kunna, ya murɗa, ya saurara. Ba a buga ba. Ya ƙara murɗawa kaɗan. Sai ya jiyo muryar Furera ta bayan bango tana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya kashe ya fita ba ko takalmi.

Mudassir na tsaye a ƙofar shagon, idonsa jawur.

"Baba Lado, ya cika. Ina laƙƙana masa kalmar shahada shina bi na da leɓe, har ya kai ƙarshe." Ya waiga wajen katifar. "Hannunsa na jikin bango."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," in ji Lado.

Maza suka fara taruwa, aka aika a sanar da liman. Lado ya koma ɗaki ɗauko hula da takalmi. Jitar na kwance a kan tabarma inda ya yar da ita. Ya gyara mata zama, ya lulluɓe ta da zanen gadon. Da ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya ji har yanzu da ɗuminsa.